Ƙullin Daddawar da Na Kai Kebbe

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda in ba a tuna mini ba sun tafi ke nan, amma ranar da na kai ƙullin daddawa Kebbe a kan babur, ƙafa ɗaya tawa ɗaya ta roba, ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Mutane sukan ɗauka ranar da aka yanke ƙafar ce ta fi tsaya mini a rai. Ba ita ba ce. Waccan ranar ina cikin mayen allurar barci, ban ma san wainar da ake toyawa ba, labarinta aka ba ni daga baya. Ta daddawar kuwa idona biyu, kuma har yau in na ji warin daddawa a miya sai na ɗan tsaya da loma a hannu.

Ni malamin dabbobi ne, a Tambuwal nake zaune. Aikina allurar shanu da awaki da tumaki, da ba su maganin tsutsa, da duba wadda ta ƙi kiwo. Fulanin dajin Kebbe Likita suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara musu ba, don sunan yana mini daɗi. Ba ni da shago, ba ni da ofis, babur ɗina shi ne komai. In ɗaure jakar aikina a baya, in buga kik, sai inda mai ya ƙare. Ƙafar yawo gare ni tun ina yaro, kuma na yi sa'a abincina ya zo a kan hanya. Wata rana da yamma ina dawowa daga Jabo, wata motar kaya da birkinta ya ƙwace ta kwashe ni. Ƙafar hagu ta shiga ƙarƙashin taya. A asibiti a Sakkwato suka duba suka ce ƙashin ba abin da za a ɗora, suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Sai na faɗi wani abu game da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, don in ba a san shi ba labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan dauri ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Ana yaye ni aka kai ni wurin ƙanwarta a wani ƙauye gaba da Kebbe kaɗan, ita ta goya ni, ita ta san kukana da rigimata, ita muke kira Inna ƙarama. Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta dawo gidana da zama, amma hakan bai canza komai ba. In tana da magana da ni sai ta kira matata ta ce, "Ki ce ma wancan kaza," ko da kuwa ina tsaye a tsakar gidan ina jin komai. Ƙannena suna zama kusa da ita su yi hira har da shewa. Ni dai wancan ne. Ina yaro abin yakan ci mini rai, da na girma na saba, ko kuma na ɗauka na saba.

A asibitin nan, kwanaki kaɗan bayan an yi aikin, aka kawo ta duba ni. Ta zauna a kan tabarma can gefe, ta ba gadon baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi komai ba. Da za ta tashi sai ta ce wa matata, da murya ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji, "Ki ce mai, in dai ni na haife shi, ƙafarshi ba ta ƙara hawa bisa mashin." Na ce to. A lokacin ko kyautar babur aka ba ni da gudu zan bar wurin, in da ƙafar gudun. Ranar da aka sallamo ni kuma ta sa aka ɗauko jakar aikina daga ƙusar da nake rataye ta a zaure, ta tura ta ƙarƙashin gadonta. Ba wanda ya ce mata don me.

Ciwo ya warke. Na bar sanduna, aka yi mini ƙafar roba, na koyi tafiya da ita har in ba ka lura sosai ba sai ka ce ɗan ɗingishi ne kawai. Amma abin da ban sani ba shi ne, mutum yana iya warkewa a jikinsa ya ƙi warkewa a bakin mutane. Akwai dakali a ƙofar gidana ƙarƙashin dogonyaro, nan na koma da zama. Duk wanda ya wuce sai ya rage murya ya ce, "Sannu Likita, ƙaƙa jiki?" In ce da sauƙi. Da safe ƙaƙa jiki, da azahar ƙaƙa jiki, a masallaci ƙaƙa jiki. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ana nan ana ƙaƙa jiki. Da can in aka gan ni cewa ake, "Likita, ƙaƙa hanya? Ƙaƙa mutanen daji?" Wato ni mutum ne da ya fito daga wani wuri, yake da labarin da zai bayar. Yanzu na zama jiki kawai. Ban ga laifinsu ba, tausayi ne da zumunci, kuma da ni ne a matsayinsu haka zan yi. Amma wallahi akwai ranar da in na hango mutum yana nufo ni da fuskar nan ta jaje, ji nake kamar in cire ƙafar in jefe shi da ita.

Ƙannena suna kawo hatsi, matata tana ɗinki, ba mu kwana da yunwa ba. Ba yunwa ce ke cina ba. Abin da nake so ɗaya ne, in koma kan hanya, kuma tsakanina da hanya babu komai sai maganar Inna. Ga shi ba a zama da ita a yi ciniki. Wanda ba ya iya haɗa ido da mahaifiyarsa, ta ina zai fara roƙonta ta janye magana?

Ina da taubashi bakanike, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Shi kaɗai ne bai taɓa tambayata jiki ba. In ya zo cewa yake, "Ina gurgun gidan nan? A ba shi sadaka shi yi mamu addu'a." Shi ya je ya kwaso gawar babur ɗin bayan hatsarin, ya yi ta harhaɗa shi a hankali ba tare da ya gaya mini ba. Ran nan sai ga shi ya turo shi har cikin zaure. Ya sa mai walda ya faɗaɗa abin taka giya gaba da baya, yadda ƙafar roba za ta iya dannawa, ya kuma yi wa matakin wani ɗan kangi na ƙarfe don kada ƙafar ta zame. Na ce masa ya san dai abin da Inna ta ce.

Ya ce, "Mi tac ce? Ƙafarshi tac ce. Wagga ta roba taka ta? Ta asibiti ta, ko kaciyarka ba ta gani ba."

Na ce, "To ta damar fa?"

Ya ce, "Ita sai ka rataye ta ga wuya."

Mun yi dariya har da hawaye, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta kwana biyu tana yi mini yawo a kai. Amma uwa ba alƙali ba ce da za ka kama ta da lafazi. Na san abin da take nufi, ta san na sani. Saboda haka babur ya zauna a zaure. Kullum da safe in goge shi, in kafa shi a jak, in dafa bango in buga kik, in tsaya a gefe ina sauraren ƙararsa har ya yi zafi, sannan in kashe. Ban taɓa ɗaga ƙafa na haye ba. Yanzu in na tuna sai in ga abin kamar na taɓaɓɓe, ƙato da gemu yana tsaye yana shaƙar hayaƙi. A lokacin kuwa shi ne abin da ke tashe ni daga shimfiɗa.

Abin ya zo ya fashe ne ranar da aka yi rasuwa a wani ƙauye, mutanen unguwarmu suka taru a ƙofar gidana ana shirin tafiya gaisuwa. Ana ta rabon wa zai goya wa. Na tashi na gyara hula, don mamacin mutumina ne, na sha yi wa awakinsa allura. Sai wani dattijo, cikin kyakkyawar niyya, ya ce, "A'a, a bar Likita shi huta, ba a wahal da marar lafiya. Mu isar ma da gaisuwa." Ban san lokacin da murya ta ƙwace mini ba. Na ce, "Ni lafiyata lau! Ƙafa ta babu, ba lafiya ba!" Aka ba ni haƙuri, irin haƙurin da ake ba marar lafiya, suka hau suka tafi suka bar ni a dakali. Ɗakin Inna yana jikin katangar nan ta waje, tagarta tana kallon dogonyaron. Ranar ban ci tuwon dare ba, aka mayar da kwanon yadda aka kawo shi.

Ba a yi mako ba, da hantsi, ina tsakar gida ina ɗaura ƙafata, sai Inna ta kira matata. Ta miƙa mata wani ƙulli a tsohon ƙyalle ta ce, "Amshi. Ki ce ma wancan, in kasuwar Kebbe ta zagayo, shi kai ma 'yar'uwata daddawa."

Matata ta ce, "To Inna, sai a ba direban da ka zuwa can."

Inna ta ce, "Direba nic ce maki? Shi nic ce."

Matata ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce a hankali, "Inna, da mi za shi tafi?"

Inna ta ci gaba da tsince wakenta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wancan abin da ka hana mu barcin safe kullum, na ado na?"

Na ƙarasa ɗaure maɗaurin ƙafar. Na so in ce na gode, amma ba da ni ake magana ba, don haka na yi shiru kamar yadda aka koya mini. Matata ta juyo da fuskar da ba dariya ta ce, "Inna ta ce ka kai ma Inna ƙarama daddawa." Na ce, "Ki ce mata to."

Kwanakin da suka rage kafin kasuwar a filin Idi na yi su, ni da taubashina. A nan na gane cewa shekarun da na yi ina tuƙi ba kaina ne ke tuƙin ba, ƙafar nan da aka binne ce. Mai babur in zai tsaya, ƙafar dama tana kan birki, ta hagu ce ke sauka ta tari ƙasa. Ba wanda ke tunanin wannan, jiki ne ke yi. To ni ma jikina ya yi. Tsayawar farko na miƙa ta hagu, robar ta taɓa ƙasa ban ji ta taɓa ba, gwiwa ta lanƙwashe, sai ga ni ƙasa babur a kaina. Taubashina ya zo ya tsaya yana kallona ya ce, "Sannu da sauka. A kawo ruwa?" Sai da na koyi tsayawa da birkin hannu in sauke ta dama, kamar wanda ake koya wa cin tuwo da hagu. Giya kuma da can tafin ƙafata ke gaya mini ta shiga. Yanzu sai in ɗaga ƙafar tun daga cinya in danna, in kasa kunne in ji amsar inji. Na faɗi ya fi a ƙirga. Kullum in dawo gida da ƙasa a riga, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta taɓa nuna ta gani ba.

Ranar kasuwar na fita bayan rana ta ɗan ɗaga, ƙullin daddawa ɗaure a inda jakar aikina take zama. Lokacin kaka ne, an yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata. Da na bar kwalta na kama hanyar Kebbe, iska ta shiga cikin rigata ta kumbura ta. Ban san na yi kewar ramukan hanyar nan ba sai da na gan su. Kowane na san shi, wasu sun ƙara girma, wasu sun haihu. Na wuce amalanken shanu, na wuce mata masu tallan nono da ƙorai a ka, masu babura suna wuce ni suna danna oda, ba wanda ya dube ni sau biyu. Wannan rashin kallon ya fi mini duk wata gaisuwa da aka yi mini a dakali. Tsoro kuwa yana nan, ba zan yi ƙarya ba. Duk motar da ta taho daga bayana sai na ji dungun ƙafar ya ɗauki zafi, har yatsun da babu su sai na ji sun ƙanƙame.

Akwai wani rafi kafin a kai Kebbe da ke ƙafewa bayan damina ya bar yashi mai laushi. Duk mai babur ya san yadda ake ƙetare shi, ka sa giya ta ɗaya, ka sauke ƙafafu biyu kana tafe kana dogarawa. Na tsaya a bakinsa na yi tunanin in sauka in tura. Girman kai ya ce in wuce. Na kai tsakiya lafiya, sai tayar gaba ta karkace hagu, jikina kuma ya sake yin abin da ya saba, ya miƙa ƙafar da babu. Robar ta nutse cikin yashi, babur ya ci gaba, ni na bi babur, ƙafar ta zauna inda take. Na tashi zaune ina tofar da yashi, na waiga, sai ga ta can a tsaye ita kaɗai da takalminta, kamar mai jiran mota.

Abin da na fara dubawa ƙullin daddawa ne. Yana nan. Sannan na zauna ina tunanin yadda zan ja gindi in je in ɗauko ƙafata, in kuma ta da babur a cikin yashi da ƙafa ɗaya. A wannan zaman ne zuciyata ta karye. Na ce wa kaina, kai wane, dattijon nan gaskiya ya faɗa, marar lafiya ne kai, ka koma dakalinka. Ban taɓa jin na gaji da kaina irin na wannan lokacin ba.

Sai na ji kukan shanu. Garke ne ke gangarowa rafin, a bayansu wani dattijon Bafulatani da sanda a kafaɗa. Na san shi, na yi shekara da shekaru ina yi wa shanunsa allura. Ya tsaya ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya sake duban ƙafar. Ya sa hannu ya tumɓuke ta, ya kaɗe yashin, ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa ya ji ƙararta, sannan ya kawo mini ya ce, "Likita, ga takalminka ya faɗi." Bai ce sannu ba. Ya ta da babur ɗin ya tura shi ƙetare, ya dawo ya tsuguna yana kallon yadda nake ɗaurawa. Ina jiran ƙaƙa jiki, sai na ji ya ce, "Kai Likita ba ka da kirki. Damina biyu ka yashe mu. Wanda ka zuwa yanzu, shanu na ganin shi su watse. Ga maraƙina can ya ƙi nono, tashi ka diba man shi."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na tashi na ɗingisa cikin garken, warin shanu ya cika mini hanci, na kama maraƙin na buɗe bakinsa, na duba idonsa, na gaya masa abin da nake zato. Amma ba ni da ko ƙwayar magani, jakar tana ƙarƙashin gadon Inna. Ya ce, "To yaushe za ka zaka da allura?" Na buɗe baki in ce jibi, sai na tuna. Aike ɗaya aka yi mini. Ba a ce na koma aiki ba, an ce in kai daddawa. Na ce masa, "Sai abin da anka ce gida." Ya dube ni, mutum da furfura a gemu yana cewa sai abin da aka ce a gida, amma Bafulatani ya fi kowa sanin kunya da maganar uwa. Ya gyaɗa kai kawai ya bi shanunsa.

Inna ƙarama tana jin ƙarar babur a ƙofar gida ta fito ba ko mayafi. Ita ba ruwanta da kunya a kaina, ita ta yi mini wanka ina yaro. Ta rungume ni tana kuka, ta zaunar da ni, ta ɗage ƙafar wandon tana shafa robar kamar za ta ji mata zafi, tana ta faɗin, "Wayyo ɗana, ƙaƙa jikin? Ƙaƙa jikin?" Na ce da sauƙi, na shanye, don daga bakinta ba zan iya jin haushi ba. Bayan na sha fura na kwance ƙullin na miƙa mata na ce ga saƙon Inna. Ta ce na mene ne. Na ce daddawa. Sai ta tsaya da kukan ta dube ni.

"Daddawa? Ni anka aiko ma daddawa?"

Ta buɗe ƙyallen, ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta sansana. Sai ta fashe da dariya, hawayen kukan bai ma bushe ba. Ta ce, "Wagga ai tawa ta! Diba shaidar babban yatsana bisa kowace. Ni na aika mata ita watan jiya. Kai ɗan nan, ashe har yanzu ba ka da wayo? Dauri in ka zaka, wa ka ba wani daddawa, ni ko ita?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Inna ƙarama sana'arta ke nan, duk ƙauyen a wurinta ake sayen daddawa, ga ta nan shanye a kan tabarmi a tsakar gidan, warinta ma tun daga ƙofa ya tare ni. Shekara da shekaru ni ke ɗaukowa daga nan in kai wa Inna Tambuwal. Murna ta rufe mini ido har ban lura an juya hanyar ba. Inna ba ta da saƙon da za ta aika. Ta duba ɗakinta ne ta nemi abin da za ta ɗora mini in fita, ta ɗauki abin da hannunta ya samu. Ba za ta iya kirana ta ce ta janye maganarta ba, ba za ta iya cewa ta ga ina lalacewa a dakali ba, don wannan magana ce ta uwa da ɗa, ita kuma an hana ta irin wannan da ni tun tana yarinya. Inna ƙarama ta daina dariyar ta ce, "Ka san ran da anka yanke ƙafarka, nan taz zo ta kwana ukku ba ta sa komi ga bakinta ba? Ga ɗakin nan. Nan ta yi kukan da ba ta iya yi gabanka." Na sunkuyar da kai ina kallon ƙyallen.

Ta mayar da daddawar cikin ƙullin, ta ƙara sabuwa a kai, ta ce in koma da wuri, hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Da na zo rafin na sauka na tura, ba girman kai ba komai. Duk tsawon hanyar tunani ɗaya nake, shin aiken nan shi ke nan, ko ƙofa ce aka buɗe? Ba ni da bakin tambaya, kuma na ƙudura in ta yi shiru zan mayar da babur zaure in ci gaba da goge shi.

Na iso Tambuwal bayan la'asar. Na kashe babur a ƙofar gida na turo shi, sai na tarar da Inna zaune a cikin zaure a kan 'yar kujera, da faifan wake a cinya. Tun da ta dawo gidan ban taɓa ganin ta zauna a zaure ba, ba wurin zaman mata ba ne. Daga baya matata ta gaya mini tun fitata take wurin, waken nan kuma ta tsince shi ya fi sau nawa. Na kafa babur, na durƙusa yadda robar ta bari, na ajiye ƙullin a gabanta. Na waiga ina neman matata da za ta karɓi magana ta miƙa, ba ta nan, tana can ciki. Mu biyu ne kawai. Rigata duk yashi, gwiwar hannuna ta goge tana ɗan jini, kuma na san ta gani.

Ta daɗe tana kallon faifan. Sannan ta ɗago, ta dube ni, ni ɗin nan ba bango ba, ta ce, "Ƙaƙa hanya?"

Na ce, "Hanya lafiya lau, Inna." Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Ta ce, "To madalla." Ta ɗauki faifanta da ƙullinta ta shige ciki. Ni kuwa na zauna a ƙasan zauren na yi kukan da ban yi ba ranar da na farka na ga babu ƙafa. Washegari da na fito goge babur, jakar aikina tana rataye a ƙusarta, an kaɗe mata ƙura. Ba wanda ya ce ga wanda ya rataye ta, ni ma ban tambaya ba. Na ɗaure ta a baya na tafi neman maraƙin nan.

Inna ta koma wa "ki ce ma wancan" ɗinta har Allah ya karɓi abinsa, ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba, ni kuma ban sake jin zafin hakan ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, na yi shekaru ina auna ƙauna da abin da baki ya furta, alhali wadda ta fi kowa sona ita ce wadda ba ta da izinin faɗa, sai dai ta ƙulle shi a ƙyalle ta ce a kai Kebbe. Ta kuma koya mini cewa tausayi yana iya zaunar da mutum ya fi ciwon da ya kayar da shi. Shi ya sa yanzu in na ga wanda ya tashi daga jinya, nakan tambaye shi jiki sau ɗaya, don hakkinsa ne. Bayan nan sai in nemi abin da zan aike shi, ko da ba na bukata, don in ya dawo in samu bakin ce masa ƙaƙa hanya.